Ni Nake Zuba Wa Babana Ƙwaya a Kunu, Ga Shi Za a Yi Masa Aikin Ido

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Anti mai kula da wannan shafi, ina gaishe ki da aiki, ina gaida iyayena da yayyena da ƙannena masu karantawa. Don girman Allah a ɓoye sunana, kada a saka lambata, kada ma a bar alamar da wani na yankinmu zai gane ni. Kuma ina roƙon duk wanda zai yi magana ya daure ya karanta har ƙarshe kafin ya yanke min hukunci. Na san na cancanci faɗa, ni kaina babu kalar zagin da ban yi wa kaina ba. Amma yanzu ba faɗa ne zai amfane ni ba, lokaci ne ya ƙure min, kuma wallahi a tsorace nake.

Ni mace ce, na ɗan haura talatin. A ƙasar Kudan muke, wani ƙauye ta wajen Taba. Aure ya kai ni Kurmin Kogi, Allah Ya yi wa mijina rasuwa, bayan na fita takaba na dawo gidan mahaifina da 'ya'yana biyu. Mahaifina malami ne. Magidanta ne ɗalibansa, in sun taso daga gona da la'asar sai su zo zaurensa kowa da littafinsa, wani fiƙihu, wani hadisi, wani nahawu, da azumi kuma shi ke tafsiri a masallacin unguwarmu. Shi ne limamin masallacin. Mahaifiyarmu ta daɗe da rasuwa, bai sake aure ba, don haka tun da na dawo ni ce mai girkinsa, ni ce mai wankinsa. Sunan mahaifiyarsa aka sa min, shi ya sa ba ya kiran sunana, Uwata yake ce min. Namiji ɗaya gare shi, Yayana, yana koyarwa a Makarfi, can yake zaune da iyalinsa.

Dole in faɗi yadda mahaifiyarmu ta rasu, in ba haka ba ba za ku gane halin Baba ba. Zazzaɓi ne ya kama ta, aka kai ta wani ɗakin magani aka yi mata allura, kafin a ankara jikinta ya kumbura, numfashi ya gagara, a hanyar Zariya ta cika. Baba bai yi rigima da kowa ba, ya ce kwananta ne ya ƙare. Amma daga ranar ya ce shi da ƙwayar Bature da allura har abada. Ko ta ciwon kai ba ya sha. Zuma, habbatus sauda, man zaitun, saiwa da sassaƙe, su ne maganinsa. Kuma Baba mutum ne da in ya ce ya gama magana, to ya gama.

Bayan na dawo ne ciwon gwiwa da na ƙugu suka tasar masa. Da farko yana dogara sanda, sannan sujada ta fara gagararsa, ƙarshe ya koma sallah a zaune, ya miƙa limanci ga wani ɗalibinsa. Babu abin da ba a gwada ba, an yi ƙaho, an yi gashi, an shafa mai. Wata rana da hantsi na kai masa ruwa ɗakinsa, sai na tarar yana son tashi daga kan buzu, ya dafa bango ya yunƙura ya koma, ya sake yunƙurawa ya sake komawa. Bai san ina bakin ƙofa ba. Sai na ga hawaye na bin gemunsa. Mutumin da ko ranar da aka binne mahaifiyarmu ban ga hawayensa ba. Na durƙusa na ce, "Baba, don Allah ka bari a samo maka ko da ƙwaya ɗaya ce, ka ji sauƙi." Ya share fuskarsa da hannun riga ya ce, "Uwata, ajiye ruwan ki je. Na gama wannan maganar tun kina budurwa."

Ranar kasuwar Kudan na shiga wani kyamis sayen maganin tari na yarinyata. Na tarar da masu saran rake sun yi layi, kowa ana ƙulla masa ƙwayoyi a 'yar leda, suna cewa a ba su haɗi. Da suka watse na tambayi mai shagon ko na mene ne. Ya ce na ciwon jiki ne da gaɓoɓi. Na ba shi labarin gwiwar Baba, ban dai ce masa ba ya shan magani ba. Ya ce, "Tsoho ne? Ai wannan haɗin ko wanda aka kwantar sai ya miƙe. A ba shi da safe." Akwai wata mai ruwan ƙasa-ƙasa a ciki, da wata 'yar mitsitsiya fara. Na ce wannan ƙaramar fa? Ya ce, "Deksa ke nan, ita ce mai aikin."

Wallahi ban fito gida da niyyar haka ba. Amma na saya. Washegari na dama masa kunun tsamiya kamar kullum, na murƙushe ƙwayoyin da bayan cokali, na zuba a kofinsa, na ƙara zuma don kada ya ji ɗaci. Na miƙa masa. Ya yi bismilla ya shanye, ya ce Allah Ya yi min albarka.

Jama'a, ba a rufa mako ba Baba ya yi sujada. Goshinsa a ƙasa! Ya ajiye sanda, ya koma gaban sahu, har fadama yake takawa ya duba masu ban ruwa. A daidai lokacin kuma wani tsohon ɗalibinsa, dattijo ne kusan sa'ansa, Kawu muke ce masa, ya kawo masa wani garin magani a kwalba daga kasuwar Ikara, yana lasa da zuma. Sai kowa ya ce garin Kawu ne Allah Ya sa wa albarka. Baba da kansa ya riƙa faɗa a zaure yana yi wa Kawu addu'a, shi kuma in garin ya ƙare sai ya sake cika masa kwalbar. Ni kuwa ina cikin gida ina jin daɗi a raina, har da wani ɗan alfahari, ina cewa ni kaɗai na san sirrin. Ina jin kunyar faɗin haka amma gaskiya ce. Niyyata in yi masa na 'yan kwanaki in daina. Na daina ɗin, ciwon ya dawo, na ga ya fara laluben sanda, sai na koma kyamis. Daga nan ban sake tsayawa ba. Damina biyu ke nan ina yi, kowace safiya.

Fuskarsa ta ciko, kumatunsa suka yi tumbur, cin abincinsa ya ƙaru, mutane na cewa Malam ya murmure. Na lura yana yawan shan ruwa da yawan zagawa, na lura fatar hannunsa ta yi laushi, abu kaɗan ya taɓa shi sai wurin ya yi baƙi ya daɗe bai baje ba. Na ce tsufa ne. Ashe ni ce? Ta ina zan sani? Ko kuwa na ƙi in sani ne don kada a raba ni da abin da nake ganin taimako ne?

Sai ido ya fara. Ya riƙa kawo littafi kusa da hancinsa, ya riƙa tsallake layi, shi da ɗalibi ke karatu yana gyara masa ba tare da ya duba ba. Ya ce in ya kalli fitila sai ya ga wani zobe ya kewaye ta. Ya fara ciwon kai ta gefen goshi. Rannan ya zo fita ya yi karo da randar da take wurinta tun muna yara, ta gefen hagunsa, ya ce wa ya matso da ita hanya. Babu wanda ya taɓa ta. Yaya ya zo ya yi ta lallashi a je asibiti, Baba ya ƙi. Sai da wani ɗalibinsa da aka taɓa yi wa aikin ido ya zauna ya yi masa bayani, ya ce yanzu akwai aikin da ba a sa wuƙa, ba a yanka, haske ne kawai na'ura take harbawa cikin idon, leza suke ce masa, mutum na zaune a kujera a gama ya tashi. Baba ya ce, "In dai ba haɗiya, ba allura, to a je. Ba don komai ba sai don Mus'hafi."

Muka je wani asibitin ido a Kaduna, ni da shi da Yaya. Aka yi ta gwaje-gwaje, aka sa ya ɗora haɓarsa a kan na'ura, aka ɗiga masa magani, aka haska. Likitan Bahaushe ne, mai natsuwa, da ya ji Baba malami ne sai da ya russuna ya gaishe shi. Ya ce abin da ke damunsa shi ne wanda mutane ke kira hawan jinin ido. Ya ce ruwa ne a cikin ido da ya kamata ya riƙa fita, in hanyarsa ta toshe sai ya taru ya danne jijiyar gani, kuma abin da jijiyar ta rasa ba ya dawowa. Ya ce idon hagu ya riga ya yi nisa, na dama ne ake son a ceto, ga kuma yanar ido ta fara rufowa a duka biyun. Za a fara da maganin ɗigawa, sannan a dawo a yi lezar don a buɗe wa ruwan hanya, daga baya a duba batun yanar.

Sai ya ajiye biro ya ce, "Allah Ya gafarta Malam, akwai tambayar da ba na yin aiki sai na yi ta. Wane magani kake sha? Kowane iri, ko na ciwon jiki, ko na fitsari, ko na tsinka jini, ko na asma."

Baba ya ce, "Ba na shan ko ɗaya."

Likita ya ce, "Ka gafarce ni in sake tambaya, don ba ƙaramin abu ba ne. Akwai magungunan da in suna jikin mutum sai mun canja yadda za mu yi aikin, akwai waɗanda sai an dakatar da su tukuna. Wasu na sa ido ya bushe, wasu na sa jini ya ƙi tsayawa, wasu na hana wuri warkewa da wuri. Akwai kuma wasu da ake sha don ciwon gaɓoɓi, irin su deksa, in aka daɗe ana sha su da kansu suke ɗaga hawan ido, su kawo yana, su ɗaga suga. In mutum na kan irin wannan ban sani ba, zan iya yin aiki in zaci na gama, abin da ke tura ruwan yana nan yana turawa, mu saki jiki har idon ya tafi."

Da na ji sunan ƙwayar nan daga bakinsa, wallahi nan take na gane 'yar farar nan ce da nake zuba masa a kunu. Kunnuwana suka toshe. Ina zaune a bayan Baba a kan wani benci, na kama ƙarfen bencin na riƙe.

Baba ya ɗaga yatsa ya ce, "Likita, ni ba mai yawan rantsuwa ba ne, amma wallahi tun da matata ta rasu ƙwayar Bature ba ta bi ta maƙogwarona ba."

Kun ji? Mahaifina, wanda yake koya wa mutane hukuncin rantsuwa, ya rantse da Allah a kan abin da ba haka yake ba, kuma ni na jawo masa.

Likitan bai musa masa ba. Ya dai kama hannun Baba ya juya shi, ya duba baƙaƙen tabon nan, ya kalli fuskarsa. Ya ce, "Wa ke kula da abincinsa?" Yaya ya ce, "Ƙanwata ce, ga ta nan." Likita ya juyo ya dube ni. Ga dama ta zo har gabana. Kalma ɗaya ce kawai. Amma Baba ma ya juyo yana nemana da idonsa mai gani, yana murmushi, irin na wanda ya san za a gaskata shi. Sai na ji bakina ya ce, "Babu abin da yake sha sai zuma da wani gari na gargajiya."

Likita ya ce, "Gari? Daga ina?" Yaya ya ba shi labarin kwalbar Kawu, da yadda Baba ya miƙe cikin 'yan kwanaki bayan ya fara lasa. Likita ya girgiza kai ya ce ba ya zargin kowa, amma akan samu masu sayar da maganin gargajiya da ke daka ƙwaya su haɗa a ciki don a ga saurin aiki. Ya ce a zo masa da kwalbar in za a dawo. Ya ci gaba da wani bayani yana kallon Yaya, ni ban ƙara fahimtar komai ba, kaina juyawa yake.

A mota Yaya sai huci yake. Muna isa gida ko zama bai yi ba ya ɗauko kwalbar ya jefa ta a masai, bai ma tuna likita ya ce a kai masa ba. Da la'asar Kawu ya zo da littafinsa a hammata kamar kullum, Yaya ya tare shi a ƙofar zaure a gaban mutane. Ina jiyo shi daga tsakar gida yana cewa, "Kawu, da girmanka za ka je kasuwa ka kwaso guba ka kawo wa malaminka? Ga shi nan ka makantar da shi!" Baba ya daka masa tsawa daga ciki ya ce ya yi shiru, amma magana ta riga ta fita. Kawu ya juya ya tafi. Ina tsaye riƙe da muciya, ina ji, ban fito ba.

A ranar na yi alkawari tsakanina da Allah na daina. Na kwashe sauran ƙwayoyin na tura ƙarƙashin tulin buhunan masara. Washegari na ba shi kunu zalla, na ji wani sanyi a raina, na ce shi ke nan, na tuba, asirina ya rufu, idonsa zai tsira.

Ba a jima ba Baba ya kwanta. Ba ciwon gwiwa kaɗai ba, wannan wani abu ne daban da ban taɓa gani ba. Jikinsa ya saki gaba ɗaya, ya ƙi abinci, ya yi ta amai, in ya ɗaga kai sai jiri ya mayar da shi, gumi mai sanyi na keto masa, maganarsa ma da ƙyar take fita. Na kira Yaya ya taho a kan mashin. Ya ce, "Kin gani ko? Ƙwayar da ke cikin garin nan ce take fita daga jikinsa." Ya ce a nemo mota a tafi asibiti. Baba ya riƙe masa hannu da ɗan ƙarfin da ya rage masa ya ce, "In kun kai ni allura za su yi min. Ban yafe ba in kuka ɗauke ni daga ɗakin nan." Muka tsaya cirko-cirko. Ni na san abin da aka cire masa. Na kalli yadda idanunsa ke lumshewa, na ce a raina Baba mutuwa zai yi, kuma ni na kashe shi. Na fita kamar zan ɗebo ruwa, na ɗaga buhu, na ɗauko, na murƙushe a ɗan ruwan zuma, na dawo na tallafo kansa na riƙa ba shi da cokali. Kafin azahar ɗin washegari ya tashi zaune ya nemi tuwo.

Yaya ya yi hamdala, ya buga wa asibitin waya ya ba da labari. Suka ce abin da ya faru haɗari ne babba, ba a yanke irin wannan magani farat ɗaya, kuma ya kamata a kawo shi wani likitan ya duba jikinsa tun kafin ranar aikin. Baba ya ce shi ya warke, ba inda za shi sai ranar da aka sa. To yanzu kowa ya tafi a kan cewa maganin ya bar jikinsa. Yaya haka ya sani, Baba haka ya sani, asibiti ma haka aka gaya musu. Alhali yau da safe ma na zuba masa.

Na koma wajen mai kyamis ɗin na jira har shagon ya zama ba kowa, na gaya masa komai. Ya zaro ido ya ce, "Kullum? Tun wancan lokacin? Ke, ni na ɗauka masu aikin gonarku kike saya wa!" Na ce yanzu ya zan yi, in rage ne ko in daina? Ya leƙa waje ya dawo ya rage murya ya ce, "Wannan ya fi ƙarfina. Likita ne kaɗai zai san yadda za a janye shi a hankali. Ki je ki faɗa musu gaskiya. Amma don Allah kada ki ambaci shagona." Har yanzu in na je yana ba ni, sai dai ba ya haɗa ido da ni.

Kawu kuwa bai sake taka zauren ba. Mutumin da ya fi shekaruna yana ɗaukar karatu a wurin Baba. A masallaci ma an ce sahun baya yake tsayawa, ana sallamewa ya fice. Shekaranjiya na haɗu da shi a hanyar rijiya, na durƙusa na gaishe shi. Ya rame. Ya ce, "'Yata, ya jikin Malam?" Na ce da sauƙi. Ya ce, "Wallahi alheri na nufa. Na koma Ikara neman mai maganin in tambaye shi abin da ya sa a ciki, ban same shi ba. In idon Malam ya tafi ta dalilina, ina zan sa kaina? Ki roƙa min shi gafara, ke yana jin maganarki." Na ce to, Kawu. To kawai na ce masa. Wace irin mace ce ni?

Mako mai zuwa ne aikin. Ina ɗiga masa maganin idon safe da yamma yadda aka ce, da hannun da nake murƙushe ɗayan. Ba na iya cin abinci. In na ji ya yi tari a ɗaki sai in ruga in duba shi. In ya yi tuntuɓe sai in ce shi ke nan na daman ma ya tafi. Jiya da hantsi ya ce in tsaya a bakin ƙofa inda haske yake, ya rufe idonsa na dama da tafin hannu ya daɗe yana kallona da na hagun. Ya ce, "Ina ganin mayafinki, ban ga fuskarki ba." Ya sauke hannun ya ce, "Da wannan kuwa ga ki nan sarai. Uwata, ki taya ni addu'a. Ban roƙi Allah in ga gona ko kasuwa ba, Ya bar min ko da daidai faɗin layi ɗaya ne, in riƙa bi da yatsa." Na ce amin, na ruga bayan ɗaki na toshe bakina da zane.

Na juya abin nan ta kowace fuska, ko'ina tsoro nake gani. In na yi shiru aka yi aikin, likita zai yi lissafinsa a kan ƙarya, ƙwayar na ci gaba da cin idon da ya rage, kuma ban san me za ta haifar ba wajen warkewa. In na daina ba shi, na riga na ga abin da ke faruwa da idona, ba zan iya sake gani ba. In na gaya wa Baba, ba fushinsa kaɗai nake tsoro ba, ko da yake wallahi ina tsoron ranar da zai daina ce min Uwata. Abin da ya fi tsorata ni, na san halinsa: daga ranar ba zai sake karɓar ko ruwa daga hannuna ba, kuma ba zai yarda ya haɗiyi ƙwayar ba ko da likita ya ce a hankali za a janye ta. Zai ce gara ya mutu a kan maganarsa. Ashe ke nan gaskiyar tawa ce za ta kashe shi? In na gaya wa Yaya, mutum ne mai zafin zuciya, kun dai ji abin da ya yi wa dattijo a bainar jama'a, kafin magariba duk garin ya ji, kuma Baba zai ji ta mafi munin hanya. In kuma likita zan samu a keɓe, ba ni da lambarsa, tana wayar Yaya, ban taɓa zuwa Kaduna ni kaɗai ba, kuma ranar aikin Yaya ba zai matsa daga gefenmu ba. Ko na same shi ma, zai yarda ya rufa min asiri? Zai iya yi wa mutum magani a ɓoye kamar yadda na yi? Na san ba zai yi ba.

Don Allah in akwai ma'aikatan lafiya a nan ku faɗa min gaskiya, kada ku lallashe ni: idon daman nan zai iya tsira in aka san gaskiya yanzu? Dole ne a ɗaga aikin? Akwai hanyar janye wannan magani da ba sai ya haɗiyi ƙwaya yana sane ba? Malamai kuma ku faɗa min, rantsuwar da ya yi a kan wa take? Haƙƙin Kawu fa, ta yaya zan sauke shi? Waɗanda kuma Allah Ya ba iyaye masu kafiya irin nawa, da wane baki ake fara irin wannan magana, kuma wa ya kamata in fara durƙusa wa?

Gobe da safe zai sake cewa in kawo masa karin kumallo, kuma har yanzu ban san ko in zuba ko kada in zuba ba. Ku dube ni a matsayin 'yarku ko ƙanwarku, ku ji tsoron Allah ku ba ni amsa tun kafin ranar ta zo. Me zan yi?